Wasiƙar Madan

A garinmu Platon Sitwon, in mutum ya tsaya a ƙofar majami'a ranar Lahadi ya ɗaga murya ya ce "Madan!", mata arba'in ne za su waiwayo, har da kurmar cikinsu, don ita ma za ta ga sauran sun juya. Haka abin yake a wajenmu. Ranar da mace ta yi aure sai ta naɗe sunanta ta adana tare da rigar biki, a shiga kiranta da na mijinta. Matar Sove ta zama Madan Sove, matar Elifet ta zama Madan Elifet. Ko mijin ya mutu, ko ya gudu, sunansa yana nan rataye a wuyanta.

Madan Osnel tana cikin waɗanda miji ya bar wa suna ya tafi da sauran jikinsa. 'Yar masunta ce daga bakin teku. Osnel ya hawo da ita kan tsaunin nan tana da shekara ashirin, ba ta san kowa ba, kuma duk wanda ya gan ta ya gan ta ne tana matar wani. Shekararsu biyu tare aka zo neman masu saran rake a tsallaken iyaka. Osnel ya ce zai dawo bayan girbi da kuɗin kwanon rufi. Da alama har yau ba a gama saran raken ba. Ya bar ta da ɗaki ɗaya, da 'yan itatuwan kofi, da kaji. Haihuwa ba ta zo ba. Iyayenta suka rasu can bakin ruwa, daga nan kuma ba wanda ya ƙara hawowa nemanta.

Tana cikin wannan zama Turawan mishan suka zo: Fasto Wendel, dogo, wanda rana ke mayarwa ja kamar dafaffen jatan lande, da matarsa, da ɗansu mai shekara uku, da akwatuna goma sha ɗaya a kan alfadarai. Gidan yana bukatar mai girki. Zumuntar mata ta zauna ta zaɓi Madan Osnel, bisa hujjar cewa ita ce ba mai jiran tukunyarta a gida. A gabanta aka faɗi hujjar, kuma da zuciya ɗaya aka faɗa.

Ranar farko matar fasto ta tare ta da ɗan littafinta na koyon harshe, ta nuna ta da fensir.

"Kai... ke... suna wane ne?"

"Madan Osnel."

Baturiya ta rubuta da kyau, sunan fari Madan, sunan uba Osnel. Ta ɗago tana murmushi. "Madan. Suna mai daɗi."

Madan Osnel ta duba bayanta ko da wata ake magana. Ba kowa. To wa zai gyara wa matar fasto magana a ranar farko ta aiki? Daga ranar ta zama Madan kawai a gidan nan, ba kai ba gindi. "Madan, kofi." "Madan, akuya ta shiga lambu." Madan Sove, wadda ke yi musu wanki ranar Talata, kuma bakinta ba ya hutu sauran ranakun, ta yi mako guda tana dariya.

"Ƙawata, kin huta! Da ma mijin ba ya nan, yanzu sun cire miki sunansa ma. Saura su cire Madan ɗin ki koma iska."

Fasto mutumin kirki ne, sai dai rabin ransa a bayan alfadari yake. Ƙananan majami'u bakwai yake zagayawa a bayan tsauni, ya yi kwana goma ba a ga ƙurarsa ba, ya dawo da ciwon baya da jerin waɗanda suka tuba. Matarsa, wadda kowa ke kira Madan Fasto, ita ke auna jarirai, ta koya wa 'yan mata ɗinki, ranar Lahadi ta danna akodiyan, abin kiɗan nan mai kama da zugazugi, muna bin ta da waƙa, ko kuma ita tana bin mu, don ba mu taɓa isa ƙarshen baiti tare ba. Kowa yana girmama ta, kuma girman ne ya zame mata katanga. In ta shiga gida ziyara sai a share mata kujera ɗaya tilo da ake da ita, masu gida su tsaya a kanta, hirar da ake yi ta mutu nan take. Ta sha kofi, a yi addu'a, ta tashi. Tana kaiwa bakin shinge sai ta jiyo dariya ta dawo a bayanta.

A shekara ta huɗu ɗansu ya cika bakwai, aka kai shi makarantar kwana ta 'ya'yan mishan a babban birni, tafiyar kwana biyu. Fasto ya raka shi, daga can ya zarce taro. Gida ya yi tsit. Rana ta uku, bayan abincin rana, Madan Osnel tana madafa a bayan gida tana tsintar wake a faranti, sai ta ga inuwa a ƙofa. Madan Fasto ce, idanu sun kumbura. Ta kifar da turmi ta zauna a kai, ta miƙa hannu cikin farantin. Tsintar ba ta iya ba. Tana zubar da wake mai kyau tana barin tsakuwa. Madan Osnel ta bi bayanta tana gyarawa a ɓoye.

Can Baturiya ta ce, "Na daɗe da gane cewa Madan ba suna ba ne. Kunya ta hana ni faɗa. Shekara huɗu ina kiranki matar... matar babu kowa."

"Ai ba ki yi ƙarya ba, Madan Fasto."

Baturiya ta yi dariya, dariyar ta zarce da kuka, sannan ta dawo dariya. Ta share hanci da gefen riga kamar kowace mace.

"Mahaifiyarki, yaya take kiranki?"

Madan Osnel ta dakata da tsintar. Ba ɓoyewa take yi ba, nemowa take yi, kamar mai laluben allura a ƙasan akwati.

"Merilya."

"Merilya," in ji Baturiya, a hankali, kamar tana ɗanɗana gishirin miya. Ta dafa ƙirjinta. "Ni Lowis. A nan ni Madan Fasto ce. A wasiƙun ƙasarmu ma sunansa ake rubutawa a maimakon nawa. Shi kansa Fasto tun da na haihu Mama yake ce mini, kamar ni na haife shi."

"Lowis," in ji Merilya. Sai ta rufe baki da hannu, ta leƙa waje ko wani ya ji ta kira matar fasto gatsau.

Ba su yi wata yarjejeniya ba, amma sunayen nan biyu ba su taɓa tsallake dokin ƙofar madafar ba. A falo Madan ce da Madan Fasto, ɗaya tana zaune ɗaya tana tsaye da buta. Amma kullum bayan abincin rana, lokacin da zafi ke kwantar da kowa, sai a ji takun takalmi a kan tsakuwa, inuwa ta tsaya a ƙofa.

"Merilya, kina nan?"

"Ina nan, Lowis. Wake ma yana nan."

Shekara goma suna wannan. Ba wata doguwar hira ba ce. Wani lokaci labarin dusar ƙanƙarar garin su Lowis, wadda Merilya ba ta taɓa yarda da shi gaba ɗaya ba. Wani lokaci labarin yadda ake gane teku zai yi fushi. Sau da yawa ba komai, sai ƙarar wake a faranti. Har aka haifi autar gidan, Bekki, wadda ta yi rarrafe ta yi tafiya tana riƙe da zanen Madan, amma lokacin tsintar wake barci take yi.

A shekara ta goma sha huɗu zuciyar Fasto ta fara ba shi wahala a hawan tsauni, manyansa suka kira shi gida. Ranar tafiya duk gari ya taru, aka yi waƙa, dattawa huɗu suka yi jawabi, kowane ya ce zai taƙaita. A cikin wannan taro ba inda za a kira wani suna. Madan Fasto ta bar wa zumuntar mata keken ɗinki, ta bar wa majami'a akodiyan. Da ta zo kan mai girkinta sai ta ba ta farantin nan na tsintar wake, ta rungume ta, ta ce da ƙarfi, "Allah ya tsare, Madan." Leɓunanta sun ƙara motsi bayan haka, amma alfadari ya yi kuka daidai lokacin.

"Faranti!" in ji Madan Sove a hanyar komawa. "Shekara goma sha huɗu a bakin gawayi, faranti! Ni ko bokitin wanki na samu, ya fi shi zurfi."

Merilya ta koma ɗakinta, wajen kofinta da kajinta. Gidan mishan ya zama makaranta, madafar ta zama wurin ajiye allunan da suka karye. Shekarun farko takardu suna zuwa, irin waɗanda ake bugawa da yawa a raba wa majami'u, da hoton iyalin suna murmushi a gaban wata bishiya. Ana liƙa su a bangon majami'a har ruwa ya cinye. Daga baya aka ji Fasto ya rasu, takardun kuma suka ɗauke. Merilya dai kullum bayan abincin rana tana ɗauko farantin ta zauna a bakin ƙofa. Waken mutum ɗaya ba ya ɗaukar lokaci, shi ya sa take tsince shi sau biyu.

Shekara ashirin da biyu bayan tafiyarsu, Dattijo Dyefo, mai riƙe da makullin majami'a, ya dawo daga birnin Jeremi da wasiƙa a cikin hularsa. Bayan sujada ya ɗaga ta sama. Ambulan mai kauri, da kan sarkin ƙasar Turawa, a bayansa da sunan gidan marigayi Fasto. A gaba kuma an rubuta: Madan, Platon Sitwon.

"Madan wa?" in ji mata.

"Madan kawai."

Majami'a ta ɗauki hayaniya. Madan Elifet ta tuna wa jama'a cewa ƙwan kajinta Turawan suka ci shekara da shekaru. Madan Sove ta ce duk wanda ya wanke wa mutum kamfai ya fi kowa kusa da shi. Wata da aka aura bayan tafiyar Turawan ma ta ɗaga hannu, ta ce ita dai Madan ce, a duba. Kaurin ambulan ɗin ya sa kowace ta tuno da wani alheri da ta taɓa yi.

Dattijo Dyefo mutum ne mai bin ƙa'ida, har akuyarsa da rasit ya saye ta. Ya ce wasiƙa ta mai suna ce, wannan kuma sunanta na kowa ne. Ko an buɗe ma Turanci ne a ciki, kuma Malam Jozafa, wanda shi kaɗai ya san kan Turanci, yana Jeremi wajen jinyar ƙafarsa, da ƙafar nan kuwa ba zai iya ƙetarowa ba sai kogi ya janye. Ya soke wasiƙar a bayan agogon bango, ya ce ta jira.

Kowa ya san wa Turawan ke kira Madan, har masu gardamar. An zuba ido Madan Osnel ta tashi ta karɓi abinta. Ba ta tashi ba. Sai da mutane suka watse ta matsa kusa da dattijon, don ita ba ta karatu.

"Baba Dyefo, ƙara duba mini. Ba wani abu a gaban Madan ɗin?"

"Babu, 'yar'uwa."

"A bayansa fa? Ko da ƙananan baƙaƙe?"

Ya sa tabarau, ya juya ambulan sama da ƙasa, har ya ɗaga shi wajen haske. "Madan, sai sunan gari. Me kike so a gani?"

"Ba komai."

Ta gangara gida. Abin da ke cin ta ba ta da wanda za ta faɗa wa. Mutum ɗaya ya rage a duniya da ya san sunanta, ga shi mutumin ya zauna ya ɗauki alƙalami bayan shekara ashirin da biyu, ya rubuta Madan. Ko dai Lowis ta manta, ko kuma can a ƙasarsu, cikin danginta, abin madafa ya zama abin kunya. In ta karɓi wasiƙar nan ta yarda ke nan cewa Madan ɗin ce kawai, mai kofi da korar akuya. Gara wasiƙar ta zauna a bayan agogo.

Lahadi uku tana zama a bencinta na uku daga baya, tana waƙa, idonta na kan farin gefen takarda da ya leƙo daga bayan agogo. Madan Sove ta bi ta har bakin rafi.

"Ke wai girman kai ne ko tsoro? In hoton miji suka aiko miki fa? Je ki karɓa, in bai yi miki ba ki ba ni, nawa ya tsufa."

"Ba sunana a kai."

"To wa ke da suna a garin nan, ƙawata?"

Kogi ya janye, Malam Jozafa ya hawo da sandarsa. Ranar Lahadin majami'a ta cika har taga, har waɗanda rabonsu da sujada tun bikin girbi. Dattijo ya yanka ambulan da wuƙa a gaban shaidu. Takarda uku ce da hoto ɗaya, ba kuɗi. Wasu mata suka saki numfashi, sha'awarsu ta ragu. Malam ya gyara murya, yana karanta layi yana juya shi zuwa harshenmu.

"Zuwa ga Madan. Ni ce Bekki. Ina da shekara biyar muka tafi, harshenku ya zube mini, amma ban manta ƙamshin shinkafa da waken da kike dafa mana ba, da yadda kike goya ni in na yi rigima."

Kawuna suka juya benci na uku daga baya. Madan Elifet ta ce ai da ma ita ta faɗa. Merilya ta ji wani abu ya sauka daga ƙirjinta, ashe ba Lowis ce ta rubuta ba. Nan take wani ya hau a madadinsa: to me ya hana Lowis rubutawa?

Malam ya ci gaba, muryarsa ta yi ƙasa. Bekki ta ce mahaifiyarsu tana raye, jikinta lafiya, amma tunaninta ya yi ta zubewa shekara biyar ke nan. Ta manta sunan marigayi mijinta. Ta manta na ɗanta. Ita Bekki, wani lokaci ce mata take yi "baiwar Allah". Ba ta cika magana ba yanzu.

"Amma kullum bayan abincin rana," Malam ya karanta, "sai ta tashi ta je ƙofar kicin ta tsaya, ta faɗi wata magana da harshenku. Kalma ɗaya muke iya kamawa. Tana faɗa, sai ta karkata kai tana jira, in ba a amsa ba ta koma ta zauna, ranar ba za ta ƙara cin komai ba. Muna zaton sunan mutum ne. Mun duba littafin baftisma da Baba ya bari tun daga farko har ƙarshe, babu shi. Madan, ke kika fi kowa zama a gidanmu. Don Allah, wace ce Merilya?"

Nan take kowa ya shiga taimako. Wani ya ce an yi wata Merilya mai sayar da gishiri, amma ta mutu tun kafin Turawa su zo. Madan Elifet ta ce kamar sunan alfadarar Fasto ke nan. Dattijo Dyefo ya ce a'a, alfadarar Haƙuri ake ce mata, shi ya sayo ta, rasit na nan. Ya buɗe rajistar ikilisiya ya bi da yatsa, shafi bayan shafi, Madan wane, Madan wane. Ya rufe.

"Madan Osnel," ya ce, "ke aka tambaya. Kin san ta?"

Ta dafa bencin gabanta ta miƙe.

"Ni ce."

Ba wanda ya yi dariya. Madan Sove, wadda suka yi shekara arba'in da 'yan kai suna ɗiban ruwa a rafi ɗaya, ta buɗe baki ta rufe, abin da ba a taɓa gani ba. Dattijo ya cire tabarau yana gogewa, ya daɗe yana gogewa.

Bayan an watse Malam Jozafa ya zauna da ita a ƙarƙashin mangwaron makaranta, daura da tsohuwar madafar, ya ɗora takarda a gwiwa. Ya miƙa mata hoton. Wata tsohuwa ce mai farin gashi a kujera, hannuwanta a cinya, yatsun a tattare kamar mai tsintar wani abu.

"Me za a rubuta, Mama?"

"Ka ce wa Bekki ta samo wake. Busasshe, ta zuba a faranti, ta ɗan sa tsakuwa a ciki. In uwarta ta zo ƙofa ta yi kira, kada ta tsaya kallonta. Ta ce, ina nan, Lowis, wake ma yana nan. Da harshenmu za ta faɗa, ka rubuta mata yadda bakinta zai iya. Ta ba ta wuri ta zauna, ƙasa-ƙasa, ba kujera mai taushi ba."

Malam ya rubuta. "Sai me?"

"Za ta zubar da mai kyau ta bar tsakuwa. Kada a hana ta. A bi bayanta a gyara, kada ta gani."

"Shi ke nan?"

Ta ƙara duban hoton. Akwai maganar shekara ashirin da biyu a bakinta, amma wadda za ta ji ta ba ta inda takarda ke zuwa.

"Shi ke nan."

"Wane suna zan sa a ƙasa?"

"Ka ji shi ai."

Ya rubuta, ya nuna mata. Ta daɗe tana kallon baƙaƙen, ba ta taɓa ganin kamanninsa ba. Ta ce ya fi yadda ta zata tsawo.

Ta gangara gida rana tana tsaka, ta ci abin da ya rage a tukunya, ta ɗauko faranti ta zauna a bakin ƙofa, hoton a jingine da ƙafar kujera. Ta tsince waken sau ɗaya. Tana shirin maimaitawa ta ji taku a kan hanya. Madan Sove ce ta tsaya a bakin shinge, tana wasa da bakin ɗankwalinta kamar yarinyar da aka aika gidan surukai.

"Me... Merilya," ta ce, sunan yana mata nauyi a baki. "Kina nan?"

Merilya ta dube ta. Ba muryar ba ce, ba takun ba ne. Ta duba hoton, sannan ta ɗan matsa gefe, ta kifar da turmi.

"Shigo. Ke kuma yaya mahaifiyarki take kiranki?"

"Kai, rufa mini asiri," in ji Madan Sove tana zama. "Suna ne mai muni. Miƙo waken tukuna."